Ƙararrawar da Baba Ya Daina Ji

Ranar wata Asabar ce a cikin watan Agusta, shekarar da nake aji huɗu na firamare, Baba ya shigo gidanmu na Kakuri rungume da wani kwali a ƙirji. Ya lulluɓe kwalin da rigar ruwansa, shi kuwa ya jiƙe sharkaf tun daga kai har ƙafa. Tun da hantsi ake tsuga ruwa, tsakar gida ta zama tafki, ni da yayana Bitrus muna tarar ruwan indararo a bokitai. Mama ta leƙo daga kicin da muciya a hannu tana tambayar ko lafiya, don yadda ya riƙe kwalin sai ka ce jariri ya ɗauko daga asibiti. Ya wuce ɗaki, ya goge hannuwansa da tawul sosai, sannan ya buɗe. Abin da ya fito baƙi ne, mai faɗi, ba shi da kyan gani ko kaɗan in aka gwada shi da rikodarmu mai fitilu ja da kore. Ya jona shi da amfilifaya da manyan lasifikoki biyu da ya daɗe da su, ya danna wani maɓalli, sai ga wani ɗan faranti ya zuro daga cikinsa a hankali, shi kaɗai, kamar harshe. Na ja da baya har na taka ƙafar Mama. Baba ya ɗora wani faifai mai walƙiya a kai, farantin ya koma ciki ya haɗiye shi. Daga nan sai shiru. Mun saba da kaset, wanda kafin waƙa ta fara sai ka ji shuuu kamar ana soya albasa. Wannan kuwa ba ka jin komai, har na zaci ruwa ya lalata shi. Can sai muryoyin mutane masu yawa suka tashi lokaci ɗaya a tsakiyar ɗakinmu, na waiwaya da sauri in ga ta inda suka shigo.

Sidi ke nan, in ji Baba, kuma a ranar ya kafa mana doka cewa ba mai taɓa shi sai shi. Na hannu ne, irin waɗanda ake shigowa da su daga waje, abokinsa Malam Habu mai gyaran rediyo a Makera shi ya samo masa. Baba ma'aikacin masaƙa ne, a sashen injinan saƙa, tun kafin a haife ni. Sau ɗaya na taɓa kai masa abinci har bakin sashen, aka buɗe ƙofa, ƙarar da ta fito ta sa na saki kwanon na toshe kunne. Mutanen da ke ciki ba sa magana da baki, da hannu suke yi. Watakila shi ya sa Baba ya zama mai son sauti mai tsabta fiye da duk wanda na sani. Kaset ya sha ba shi haushi: ya cinye zare, ya ja murya, in ya tsufa waƙa ta koma kamar daga cikin randa take fitowa. Ya kan ce, "Duk yini ina cikin hayaniya, in na dawo gida ina so in ji abu fes." Sidi ya ba shi wannan. Waƙar da ya ji yau, haka zai ji ta gobe, haka zai ji ta baɗi, ba ta raguwa, ba ta dusashewa.

Gidanmu gidan haya ne, ɗakuna a jere suna kallon juna, rijiya ɗaya a tsakiya, igiyoyin shanya sun sarƙe sama. Da safe kafin makaranta ni ke share ƙofar ɗaki in wanke kwanukan dare, Bitrus ya ja ruwa ya cika duro. Da yamma mu kai niƙa, mu dawo mu tarar da yaran gidan sun zana 'yar gala-gala a ƙasa ko suna carafke a gindin gwanda. Amma ranar Lahadi in an taso daga sujada, aka ci gwate aka wanke hannu, ba wasa. Baba zai jawo kujerarsa ya ajiye ta daidai tsakanin lasifikokin, ya cire zanen da Mama ta ɗinka wa na'urar, ya ɗauko faifai ta gefe-gefe da yatsu biyu, ya hura shi, ya duba shi a haske. Faya-fayensa ba su da yawa, na mawaƙan coci ne sai ɗaya na kiɗan jita. In ya sa, tun daga farko har ƙarshe za a saurara, ba tsallakewa, ba surutu. Maƙwabta kan tsaya a bakin taga da tsintsiya a hannu. A nan na fara sanin cewa mawaƙi yana jan numfashi kafin ya ɗaga murya, kuma yatsan mai jita yana yin ƙara in ya zame a kan tsirkiya. Duk da haka tsoron na'urar bai sake ni ba. A bayanta akwai wata 'yar takarda ruwan ɗorawa mai hoton haske, Bitrus ya rantse mini cewa akwai ido a ciki, in ya haska mutum sau ɗaya ya makance har abada. Saboda haka duk lokacin da farantin ya fito sai in runtse idanu, in na zo shara kuwa ta gefe nake bi, ina ba shi baya.

A cikin faifan da Baba ya fi so akwai wata waƙa da ke farawa da 'yar ƙararrawa, siririya, tin, tin, daga lasifikar hagu, kafin mata su ɗauka. Farkon zuwan na'urar, duk sa'ad da ta kaɗa sai Baba ya ɗaga yatsa ya yi murmushi ya dube mu, wai a kaset ɗin wannan waƙa bai taɓa sanin akwai ta ba. Ban san ranar da ya daina ɗaga yatsan ba. Abin da na fara lura da shi shi ne maɓallin ƙara murya. Tunda ni ke goge ƙurar teburin, na san inda ɗan farin layinsa yake tsayawa. Damina ta wuce, wata ta zagayo, layin yana ta matsawa dama. Mama ta fara ƙorafin cewa kwanukan cikin kabad suna rawa. Sai kuma wasu abubuwa suka biyo baya. Maƙwabta su gaishe shi a bakin rijiya ya wuce bai amsa ba, har wata mata ta ce tunda ya sayi kayan Turawa ya fara ji da kansa. In yana magana sai ya ɗaga murya kamar mai faɗa, mu kuwa mu sha jinin jikinmu, alhali tambayar gishiri yake yi. Mama ta kira shi daga kicin har ta gaji, ta fito ranta a ɓace, shi kuma ya rantse ba ta kira shi ba. Gidan da ba a saba jin cacar baki ba ya koma kusan kullum sai an yi.

Wata ranar Asabar Baba ya ce lasifikar hagu ta mutu. Ya kwance komai, ya ɗauki na'urar da amfilifaya, Bitrus ya ɗauki lasifikar a ka, ni aka ba ni wayoyi da faifan, muka nufi Makera. Shagon Malam Habu ɗan ƙarami ne, cike da gawarwakin rediyo har rufi, ga warin dalma. Mutum ne mai fara'a, kullum in ya gan ni sai ya ce, "Rifkatu 'yar Baba, an girma." Ya jona kayan, ya sa faifan, ya karkata kai yana saurare. Ƙararrawar ta kaɗa tin, tin, sarai, har yaron shagon da ke waje ya leƙo. Baba yana tsaye ya harɗe hannu yana jira. Da matan suka ɗauki waƙa sai ya ce, "Ka ji ko? Ta ɓace. Da akwai ƙararrawa a nan." Malam Habu ya sauya wayoyin, ya mai da ta hagu dama, ya sake sawa. Ya dubi Baba, ya dube ni, ya sunkuyar da kai yana juya sukundireba a hannu. Daga baya ya ba mu kuɗin rake ni da Bitrus ya ce mu je bakin titi mu saya. Da na waiwaya daga nesa, na ga ya dafa kafaɗar Baba ya kai bakinsa kusa da kunnensa na dama yana magana, Baba kuwa yana kallon ƙasa.

Washegari Mama ta tafi taron zumuntar mata, Bitrus ya fice ƙwallo, Baba ya kira ni ɗaki ya rufe ƙofa. Gabana ya faɗi, na shiga lissafin laifin da na yi. Ya zaunar da ni a kan tabarma kusa da kujerarsa ya ce za mu yi wani wasa: mu duka za mu rufe ido, duk wanda ya ji waƙa ta fara ya ɗaga hannu. Ya mai da maɓallin can baya inda yake tsayawa a da, ya danna. Na rufe ido, ƙararrawa ta kaɗa, na ɗaga hannu. Na jira, matan suka shiga, maza suka bi su. Hannuna ya fara gajiya, na buɗe ido ɗaya a sace. Baba yana zaune idanunsa a rufe, ya miƙa wuya gaba, jijiyoyin goshinsa sun tashi, hannuwansa biyu suna kan gwiwa. Sai da aka buga babban ganga sannan hannunsa ya tashi, ya buɗe ido ya ga nawa a sama. "Tun yaushe?" ya tambaye ni. Na ce tun ƙararrawa. Muka sake, muka kuma sakewa da wani faifan, duk ɗaya. Da kaset ne da ya ce zaren ne ya tsufa, da rediyo ce da ya ce tasha ce ba ta kamawa. Wannan abin da ya saya don ba ya sauyawa, bai bar masa wanda zai ɗora wa laifi ba. Ya kashe na'urar, sannan ya ce, "Kada ki faɗa wa Mamanki tukuna. Kada kowa ya ji. In maganar ta kai masaƙa, ban san abin da za su yi da ni ba."

Tun daga ranar na daina tsoron idon da ke cikin na'ura, wani tsoron ya maye gurbinsa, wanda ba a runtse masa ido. A kasuwar unguwarmu akwai wani kurma mai dako, yara kan bi shi a baya suna zagi suna dariya don ba ya ji, in sun gaji su jefe shi da tsakuwa ya juyo yana wani irin ihu mara kalma, su watse a guje. Da ina cikin masu dariya daga nesa. Yanzu in na gan shi sai in ga fuskar Baba a jikinsa. Na kuma tuna hirar da abokan aikinsa suke yi a ƙofar gida, ta wani da inji ya kama wa riga, ana ta yi masa ihu bai ji ba. A aji malama na koyar da lissafi, ni kuwa kunnena na wajen jiniyar masaƙa. In ta yi kuka ba a lokacin da ta saba ba, sai in ajiye biro in kasa kunne. Da yamma na daina carafke, na koma tsayuwa a bakin lungu har sai na hango hularsa. Na zama kunnensa ba tare da kowa ya sani ba. In an gaishe shi sai in taɓa masa hannu ya amsa. In Mama ta kira shi daga kicin in ruga in ce, "Baba, Mama na kira," kamar ni ce mai rawar kai. A coci in zauna a gefensa in buɗe masa lambar waƙa kafin ya nema. Mama ta ce na rame, ta ba ni maganin tsutsa.

Muna da 'yar gona a gefen layin dogo, can bayan unguwa, inda ma'aikata da yawa kan shuka masara da kuɓewa. A shekarun nan jirgin ƙasa ya yi ƙaranci, sai a yi kwanaki ba a ga ko ɗaya ba, mutane suka mai da layin hanya, don ya fi tsabta a kan taɓon damina. Ranar da muka je karyar masara ni da Baba ne kawai, Bitrus zazzaɓi ya kwantar da shi. Rana ta take, sama ta yi wasai bayan ruwan safe. Muka cika buhu, Baba ya ɗora a kafaɗar dama, buhun ya kwanta a kan kunnensa mai ɗan ji, ya hau tsakiyar layi ya kama hanya. Ni na tsaya ɗaure ganyen kabewa da Mama ta ce in tsinko mata, ga shi silifa ɗina ya tsinke ina ta fama da shi. Kafin in gama ya yi mini nisa sosai.

Ta tafin ƙafa na fara jin abin, ƙarfen layin yana wani ɗan zuuu. Sannan hon ya tashi a bayana, dogo, mai kauri, har cikin haƙarƙari. Na juya na ga kan jirgi ya ɓullo daga kwana, baƙin hayaƙi na bin sa. Na yi tsalle gefe na dubi gaba. Baba yana tafiyarsa a natse, yana taka katakan layin ɗaya bayan ɗaya, buhu a kafaɗa. Na ƙwala masa kira da duk ƙarfina. Wasu mata da ke gona a ɗaya gefen suka miƙe suna ihu suna kaɗa zannuwa, amma suna bayansa, bai gan su ba. Na zubar da ganyen na ruga a guje ta gefen layi, ƙafa ɗaya ba takalmi, duwatsu na yankata ban ji ba. Jirgin ya sake danna hon, ya riƙe bai saki ba, na ji ƙarfe na kuka a kan ƙarfe, direba yana taka birki. Na san ba zan kai ba. Ban yi tunani ba, ban yi addu'a ba, na dai ga hannuna ya sunkuya ya ɗebi dutsen layi. Na farko ya faɗi a ƙasa. Na biyu ya bugi buhun, bai ko motsa ba. Na uku ya same shi a ƙeya.

Ya juyo a fusace, bakinsa a buɗe zai yi faɗa, sai idonsa ya wuce ni ya sauka a kan abin da ke bayana. Ya saki buhun ya faɗa cikin ciyawa ta ɗaya gefen. Jirgin ya shiga tsakaninmu. Na kaya ne, taragu na bin taragu, ba ya ƙarewa, ni kuwa ban ga inda Baba ya faɗi ba, ban san ko ya fita gaba ɗaya ko ƙafarsa ta rage ba. Na durƙusa ina leƙe ta ƙarƙashin taragun, ba abin da nake gani sai ƙafafun ƙarfe na wucewa da masara tana tarwatsewa. Iskar jirgin na dukan fuskata, ina ta kiran Baba, ni kaina ba na jin muryata. A rayuwata ban taɓa jiran wani abu ya wuce kamar yadda na jira jirgin nan ba. Da taragon ƙarshe ya gifta, na gan shi zaune cikin ciyawa, ƙafafunsa biyu a miƙe, jini na gangarowa daga ƙeyarsa zuwa wuyan riga. Na tsallaka na faɗa jikinsa. Ƙirjinsa na bugawa kamar ana daka. Matan suka iso suna salati, wata na cewa Yesu, wata na yi masa faɗa wai shi kurma ne da bai ji wannan hon ba. Ya shafa ƙeyarsa ya dubi jinin, ya dube ni, ya ce da wata murya da ban san shi da ita ba, "Ke kika jefe ni?" Na gyaɗa kai ina kuka, ina jiran duka, don a gidanmu ko harara ba a yi wa babba. Sai ya riƙe kaina da hannuwansa biyu ya ce, "Kin yi daidai."

Ba mu tsinci ko masara ɗaya ba. Muka biyo ta cikin taɓo, ya sa ni a gaba yana bina a baya. Mama na tankaɗe a ƙofar ɗaki, da ta ga jini a rigarsa da ƙafata sai rariya ta suɓuce mata. Ta tambayi abin da ya faru, na dubi Baba, don har lokacin alkawarin yana wuyana. Ya zauna a kan turmi ya ce, "Faɗa mata, Rifkatu. Faɗa mata duka, tun daga farko." Na faɗa, ina yi ina shessheƙa, tun daga shagon Malam Habu har dutse na uku. Mama ta saurara ba ta katse ni ba. Da na gama ta je gabansa ta tsuguna inda zai ga bakinta, ta ce, "Baban Bitrus, ka zaci ban sani ba? Ni da nake kwana ɗaki ɗaya da kai? Jira nake ka faɗa da bakinka. Amma ka rasa wanda za ka ɗora wa wannan kaya sai yarinya?" Baba ya rufe fuska da tafin hannu. Ranar na fara ganin kafaɗun babban mutum suna rawa. Mama ta ɗora ruwa a wuta, ta wanke masa ƙeya, ta wanke mini ƙafa ta ɗaure da tsumma mai tsabta, kuma a karo na farko cikin watanni na ci tuwo har na nemi ƙari.

A satin ta raka shi wurin likitan kunne. Aka ce na hagu ya riga ya tafi, na dama kuma in ya ci gaba da zama cikin injina zai bi sahu. Abin da ya fi tsoro bai faru ba a lokacin. Shugaban sashensu, wanda shi ma sai an ɗaga masa murya, ya nema masa canji zuwa sito inda ake jera bandiran yadi. Layin dogo kuwa Baba bai sake taka shi ba. Ni dai na daɗe ina firgita, ko hon ɗin tirela na ji a babban titi sai in waiwaya da sauri. Zaman Lahadi bai tsaya ba, sai dai ya sauya. Baba ya juya kujerarsa ya ba lasifika kunnen dama, ya daina ƙure murya, ya kuma janye dokarsa, ya koya mini yadda ake riƙe faifai da yadda ake goge shi daga tsakiya zuwa baki. Ya kan ce mana, "Ku saurara da kyau tun kuna ji." Shekaru kaɗan bayan haka masaƙun suka yi ta rufewa ɗaya bayan ɗaya, jiniya ta daina kuka, abokan aikinsa suka watse, wasu suka koma ƙauye. Unguwa ta yi tsit, a daidai lokacin da shi ma na daman ya ƙarasa tafiya.

Yanzu Baba ya tsufa, yana zaune da Bitrus da iyalinsa a Trikania. Jikokinsa kowa da waƙoƙi a waya fiye da yadda zai iya ji har ya mutu, su sa wannan, kafin ta kai rabi sun tsallaka wata, suna yi suna hira suna cin abinci. Ba na ganin laifinsu, zamaninsu ke nan. Sai dai na kan yi kewar lokacin da waƙa aba ce da ake wanke hannu a zauna dominta, gida guda ya yi shiru har maƙwabta su taya shi. Tsohuwar na'urar ta daɗe da mutuwa, na sha yawo kafin in samo wata, masu shago na yi mini dariya wai me zan yi da ita a wannan zamani. Na kai masa na jona a ɗakinsa. Duk ran da na ziyarce shi, bayan an gaisa, sai ya nuna mini ita da haɓa. In sa faifai in zauna, shi kuma ya jawo kujera ya zauna a gabana, ba ya kallon lasifika, fuskata yake kallo. In girata ta ɗaga ya san mata sun hau sama, in na lumshe ido ya gyaɗa kai, wani lokaci har leɓunansa su kama baitin daidai inda ake. Shi ya sa duk damuwar da na zo da ita, a bakin ƙofa nake ajiye ta. Ba na so ya ji waƙar ba daɗi.